Daga Afisa Zuwa Gimi: Yadda Sauro da Ƙudan Tsando Suka Shata wa Masu Wa'azi Hanya

Masu iya magana kan ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan aka buɗe littattafan tarihi, sunayen sarakuna da malamai da mayaƙa ake tararwa, da wuya a ga an ambaci sauro ko ƙudan tsando. To amma duk wanda ya karanci ilmin halittu ya san cewa waɗannan ƙwari biyu sun tashi garuruwan da dakaru suka kasa tasa. A wannan maƙala ina so mai karatu ya biyo ni mu bi sawun waɗansu masu wa'azin addinin Kirista. Za mu fara da wuraren da ake ziyarta a Turkiyya da Girka da Italiya saboda tafiye-tafiyen Bulus, sa'an nan mu dawo gida, mu tsaya a Gimi ta ƙasar Makarfi, da Anchau, da Wusasa. Batun aƙida fage ne na malaman addini, mun bar musu. Tamu tambayar ita ce: me ya sa wani wuri ya rayu har ake zuwa ganinsa, wani kuwa ya watse ya bar suna kawai?

Sawun Bulus

Bulus, wanda Kirista ke kira Manzo Bulus, an haife shi a Tarsus, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau. Tsakanin wajen shekara ta 46 da ta 57 Miladiyya ya yi manyan tafiye-tafiye uku na wa'azi, daga baya kuma aka kai shi Roma yana ɗaure. Masana sun ƙiyasta cewa ya ci wajen kilomita 16,000 a ƙasa da kan teku. Littafin Ayyukan Manzanni ya jera garuruwan da ya sauka, kuma da yawansu sun zama wuraren ziyara. Mutanen Nijeriya ma suna cikin masu zuwa, domin hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 don kula da ziyarar ibada ta Kirista takan kai su Girka da Roma, baya ga Isra'ila da Jodan.

Mu fara da Afisa, inda Bulus ya zauna fiye da shekara biyu. A zamaninsa Afisa tashar jiragen ruwa ce, kuma tana cikin manyan biranen daular Rum. Dandalin wasanninta, wanda aka sassaƙa a jikin dutse, yana ɗaukar mutum wajen 25,000, kuma har gobe yana nan. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Sai dai mai ziyara a yau zai tsaya a kan titin da dā yake kaiwa bakin tasha, ya duba bai ga teku ba, domin ta ja baya da kilomitoci. Dalili kuwa shi ne kogin da ke ratsa kwarin ya yi ta kwaso laka yana jibgewa a bakin tashar, shekara da shekaru, har ta cike. Wurin da jirage ke tsayawa ya zama fadama mai kwantaccen ruwa, watau gidan haihuwar sauro. Ciniki ya mutu, zazzaɓi ya yawaita, sannu a hankali mutane suka koma kan tudun da garin Selcuk yake a yanzu.

Filibi ta arewacin Girka ita ma haka. Nan ne Bulus ya fara kafa jama'a a nahiyar Turai, wajen shekara ta 49 ko ta 50, kuma masu ziyara kan je bakin rafin da ake cewa a nan aka yi wa Lidiya, mai sayar da tufafin shunayya, baftisma. Filin da ke gaban birnin fadama ce mai faɗi, wadda ba a janye ruwanta ba sai a shekarun 1930. Ƙasar Girka kuwa ba ta rabu da zazzaɓin cizon sauro ba sai a 1974.

Akwai kuma wani hasashe da ya kamata ɗalibin kimiyya ya sani. A 1895 wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, William Ramsay, ya lura cewa da Bulus ya sauka a Ferga, a gaɓar teku mai zafi da damshi, bai daɗe ba ya haura zuwa Antakiya ta Bisidiya, wadda ke kan tudu mai tsayin wajen mita 1,100. Ya haɗa wannan da abin da Bulus ya faɗa wa mutanen Galatiya, cewa rashin lafiya ne ya fara kai shi wurinsu, sai ya ce watakila zazzaɓin sauro ne ya kama shi a gaɓa. Ta fuskar ilmin halittu maganar tana da ƙafa, domin ƙwayar cutar ba ta iya kammala girmanta a cikin sauro idan zafin gari ya gaza digiri 16 zuwa 18, saboda haka tudu ya fi kwari lafiya. Amma hasashe ne, ba a gwada jinin kowa ba. Hanyar da ake zaton ya bi, mai tsawon wajen kilomita 500, an shata ta a 2004, masu ziyara suna bin ta da ƙafa.

Itacen turare a Roma

A wajen birnin Roma akwai gidan ibada da ake kira Tre Fontane, watau Maɓuɓɓuga Uku, inda al'adar Kirista ta ce a nan aka kashe Bulus. Zazzaɓi ya addabi wurin har ya kusa zama kango. A 1868 aka miƙa shi ga wata ƙungiyar masu zaman ibada, su kuwa suka dasa itatuwan turare masu yawa, irin waɗanda muke gani a gandun daji na ƙasarmu. A lokacin an ɗauka cewa mugun iskan da ke tashi daga fadama ne ke kawo ciwon, har ma sunan maleriya daga nan ya samo asali, ma'anarsa da Italiyanci mugun iska. An yi zaton ƙamshin itacen zai tsarkake iskan. Itacen turare yana shan ruwa ƙwarai, ya kuwa taimaka wajen busar da ƙasa, amma zazzaɓin bai tafi ba. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majinyaci, a 1897 Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro, a 1898 Grassi da abokan aikinsa suka tabbatar a Italiya cewa sauro jinsin Anofilis ne ke kai wa mutum ita. Daga nan aka san inda za a dosa: janye ruwa, raba maganin kwinin, daga baya kuma feshi. A 1970 aka ayyana Italiya ta rabu da cutar.

Mai karatu ya riƙe wannan darasi, za mu sake gamuwa da shi a Anchau: mutum yana iya yin aikin da ya dace bisa dalilin da ba daidai ba, amma irin wannan nasara ba ta cika ɗorewa ba.

Isawa da zangon Gimi

Yanzu mu dawo gida. A 1900 wata tawagar mishan ta cocin Ingila, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano, Sarki Alu kuwa ya umarce su da su fita. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda daga baya aka fi sani da Likita Mila. A 1905 ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani, kuma shi ne jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932.

Tun kafin zuwansa akwai wata jama'a da ake kira Isawa, almajiran wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya karkata ga girmama Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. An kashe shi a Kano a wajen shekarun 1860, mabiyansa suka bazu zuwa Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya, bayan haka wani sashe nasu ya karɓi addinin Kirista. Aka tara su a sabon zango a Gimi, aka yi gonaki da makaranta da wurin ibada, aka sa wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson, ya zauna da su.

Zangon ya fara da albarka. Amma cikin 'yan shekaru kaɗan ciwon barci ya shiga, ya kashe mutane da yawa, har aka rasa yadda za a yi sai tashi. Waɗanda suka tsira, musamman yara, aka mai da su Zariya. Sunan Gimi yana nan a ƙaramar hukumar Makarfi, kuma duk wanda ya rubuta tarihin Kirista Hausawa sai ya ambace shi. Zangon dai da aka kafa da dogon buri, ƙuda ne ya tashe shi.

Wane ne ƙudan tsando?

Ƙudan tsando ya ɗan fi ƙudan gida girma. Idan ya sauka yakan ɗora fikafikansa ɗaya bisa ɗaya kamar rufaffen almakashi, tsinken bakinsa kuma yana miƙe gaba. A tsakiyar fiffikensa jijiyoyi sun zana wata siffa mai kama da gatari, wadda ita ce alamar da ba ta ƙarya. Namiji da mace duk jini suke sha, kuma da rana suke cizo, saɓanin sauro da macen kaɗai ke shan jini.

Haihuwarsa abin mamaki ce. Macen ba ta zuba ƙwai kamar sauran ƙudaje. Takan riƙe ƙwai ɗaya a cikinta ya ƙyanƙyashe, ta shayar da tsutsar da wani ruwa mai kama da nono, sa'an nan bayan kwana 9 ko 10 ta haife ta a ƙasa mai laushi da inuwa. Tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta yi kwanci na wajen wata guda, ta fito cikakken ƙuda. A duk rayuwarta mace ba ta cika wuce 'ya'ya 8 zuwa 10 ba. Wannan shi ne rauninsa: yana ƙaruwa a hankali, kuma ba ya jure rana da bushewa.

Nau'o'in da suka fi kawo wa mutum ciwo a ƙasar Zazzau su ne Glossina tachinoides da Glossina palpalis, dukansu mazauna kurmin bakin rafi. Da damina sukan bazu, amma da rani, idan hunturu ya busar da daji, sai su tattaru a 'yan wuraren da ruwa da inuwa suka rage. Nan ne kuma mata ke ɗibar ruwa da wanki, yara ke wanka, matafiya ke ƙetarewa. Ke nan ƙudaje kaɗan suna cizon mutane iri ɗaya kullum.

Ƙwayar cutar kuwa, Trypanosoma brucei gambiense, halitta ce mai ƙwayar rai ɗaya, siririya mai bulala, wadda ba a gani sai da madubin likita. An fara ganin ta a jinin mutum a Gambiya a 1901, a 1903 kuma aka danganta ta da ciwon barci da ƙudan tsando a Yuganda. Idan ƙuda ya sha jinin mai ciwo, ƙwayar takan yi wajen mako uku tana sauya kama a cikinsa kafin ta isa ga yawunsa, daga nan kuma yana iya harbin mutane har ƙarshen ransa. A jikin mutum tana da wata dabara: tana sanye da riga ta furotin, da zarar garkuwar jiki ta gane rigar ta fara kashe ta, sai waɗansu su sauya wata. Shi ya sa zazzaɓin ke zuwa yana tafiya, shi ya sa kuma har yau ba a sami allurar rigakafinta ba.

Ciwon mataki biyu ne. A na farko akwai zazzaɓi da ciwon kai da ƙaiƙayi da kaluluwa a bayan wuya. Mutum yana iya yin watanni ko shekaru a haka yana noma yana cin kasuwa, alhali jininsa rumbu ne ga ƙuda. A na biyu ƙwayar ta shiga ƙwaƙwalwa, hali ya sauya, barci ya rikice, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana ya kasa runtsawa da dare, daga ƙarshe ya suma ya mutu idan ba a yi magani ba. 'Yan'uwan wannan ƙwaya ne ke sa wa shanu sammore.

Da wannan bayani ana iya gane irin tarkon da sabon zango kamar na Gimi ke faɗawa. Baƙi kan sauka kusa da ruwa, yawansu bai kai su sare kurmi su riƙe shi a sare ba, kuma mai ciwo guda ya isa ya kunna wutar. Bugu da ƙari, zamani ne na yawan zirga-zirga, domin layin dogo ya ratsa wannan yanki ya isa Kano a 1911. Magani kuma babu na kirki. Wanda ake da shi a lokacin, atoksil, na sinadarin arsanik ne mai makantarwa, magungunan da suka fi shi kuwa ba su bazu ba sai a shekarun 1920.

Anchau da Takalafiya

Abin da ya sami Gimi somin taɓi ne. A shekarun 1930 annobar ta mamaye arewacin Nijeriya, har gwamnati ta kafa sashe na musamman na ciwon barci. Ma'aikata suka bi ƙauye ƙauye suna taɓa wuyan mutane suna duba ruwan kaluluwa a madubi. Tsakanin 1931 da 1940 an duba fiye da mutum miliyan 3, aka sami kusan 400,000 da ciwon. Gundumar Anchau, wadda a yau take ƙaramar hukumar Kubau, maƙwabciyar Ikara, tana cikin inda abin ya fi tsanani.

A ƙarshen shekarun 1930 aka fara shirin Anchau, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi fice a kansa. An shata wani zirin ƙasa mai tsawon wajen mil 70, faɗinsa duka wajen murabba'in mil 700, aka sassare kurmin rafukansa domin rana ta shiga ta kori ƙuda. Aka tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka tara su a sababbin garuruwa, domin a sami isassun hannuwan da za su riƙa maimaita saran kowace shekara. Aka gina rijiyoyin siminti don a rage zuwa rafi, aka kuma kafa sabon gari kusa da tsohuwar Anchau, aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon ya ragu ƙwarai.

Sai dai akwai sauran magana. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Horace Miner, ya zauna a Anchau a ƙarshen shekarun 1950, ya buga sakamakon bincikensa a 1960. Ya tarar mutane suna saran kurmi ne domin umarni ne daga sama, amma mafi yawansu ba su yarda ƙuda ne ke kawo ciwon ba. An tilasta musu aiki, ba a zaunar da su an fahimtar da su ba. Kamar masu dasa itacen turare a Roma, hannu yana yin daidai, kai kuwa yana wani wuri. Wannan gargaɗi ne gare mu malaman kimiyya, domin abin da aka yi don tsoron hakimi yakan tsaya ranar da hakimi ya kau da kai.

Wusasa

A 1929 mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, a gindin dutse. A nan aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, bisa fasahar magina Hausawa, aka kuma yi makaranta da asibitin Saint Luke. Cocin yana nan, kuma masu ibada da ɗaliban zanen gine-gine da masu sha'awar tarihi suna zuwa ganinsa. Daga makarantar mishan ɗin nan aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Janar Yakubu Gowon, da Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya zama likitan yara, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Dubi ikon Allah: yankin da ciwon barci ya addaba shi ya haifi ɗaya daga cikin manyan likitocin ƙasar nan.

Ina aka kwana?

A 1998 an kai rahoton kusan mutum 40,000 masu ciwon barci a Afirka. A 2009 adadin ya sauka ƙasa da 10,000, a 2018 kuma ƙasa da 1,000, mafi yawansu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Tsohon maganin mataki na biyu, melasofurol na 1949, yana kashe wajen mutum 1 cikin 20 da aka yi wa allurarsa. Tun 2019 akwai ƙwayar feksinidazol da ake haɗiya kwana 10. Togo ta kawar da ciwon a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2020, Gana a 2023, Chadi a 2024. A Kaduna akwai cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa, wadda ta gaji aikin su Nash. Sauro kuwa bai saki ba, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma fadamun rake da tumatir na Makarfi da Kudan da Ikara, waɗanda su ne arzikinmu, suna tara ruwan da yake so.

Ga 'yan'uwana malamai, ga aikin da ba ya bukatar kuɗi. A fita da ɗalibai bakin fadama da ludayi da farin kwano, a ɗebo ruwan kududdufi. Tsutsar Anofilis takan kwanta a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, ta sauron gida kuwa takan rataya kai ƙasa. A sa su ƙirga, su zana taswirar inda suka samu, su maimaita bayan wata guda. A kuma tura su wurin kakanninsu su tambayi abin da suka ji game da ciwon barci da masu taɓa wuya da saran kurmi, su rubuta kafin masu labarin su ƙare. Wanda zai kai ɗalibai Wusasa ko wani wurin ibada ya nemi izinin masu wurin, ya kuma koya wa yara ladabin shiga, ko da addininsu ya bambanta. Idan sun isa, bayan sun ga gini sun ji tarihi, a ce su duba ina ruwan garin yake, ina inuwa take, wane ƙwaro ne kuma ke zaune a tsakaninsu.